Yadda Ake Miyar Ɗanyen Lalo

Masu ta tambayar yadda ake miyar lalo, ga shi nan. Ganye ne da ke fitowa da kansa da damina, yana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da kalsiyam, da bitamin A da C. Yauƙinsa kuma yana sauƙaƙa bayan gida.

1. Ki tsinko ganye masu taushi. Kada ki ɗiba a bakin kwalta ko inda aka fesa maganin ciyawa.
2. Ki cire sanduna da kwanson 'ya'yan. A nan ake kuskure: irin lalo yana da guba, ba a cin sa.
3. Ki wanke cikin ruwan gishiri har yashi ya fita.
4. Ki yanka ƙanana.
5. Ki ɗora ruwa kofi biyu, ko romon nama.
6. Ki zuba jajjagen albasa da attaruhu, da daddawa da gishiri.
7. In ya tafaso, ki jefa kanwa 'yar mitsitsiya. Da yawa ba gwaninta ba ce, tana kashe bitamin C, ta ɓata ɗanɗano.
8. Ki zuba lalon.
9. Ki bar tukunyar a buɗe, in kin rufe za ta yi bori.
10. Bayan kamar minti biyar ki burga da maburgi.
11. Ki sauke tun yana kore shar.