Yadda za ka yi musun koci a gidan kallo ba tare da an kai ka ƙasa ba

Duk wanda ya saba zama gidan kallo ko teburin mai shayi bayan an tashi wasa ya san cewa musun koci ya fi musun ɗan wasa wahala, domin ɗan wasa ana ƙirga masa ƙwallaye a wuce wurin, shi kuwa koci kowa da mudun da yake auna shi. Zan yi misali da Arsene Wenger, tsohon kocin Arsenal, don shi ne har yau ba a gama shari'arsa ba, ko tsakanin 'yan Arsenal ɗin kansu, amma dabarar ɗaya ce ko wa ake magana a kai.

Kafin ka buɗe baki, ka tambayi abokin musunka da me za a auna. Kofi ne? Maki ne? Ko abin da kocin ya yi da abin da aka ba shi? Wallahi rabin hayaniyar da ake yi daga nan take tasowa, kai kana maganar salon wasa shi yana ƙirga kofuna, ku kwashe awa biyu kuna ɗaga murya alhali ba magana ɗaya kuke yi ba. In ya ce kofi kaɗai, to ka tambaye shi ko Di Matteo ya fi Wenger, tunda ya ɗauki kofin zakarun Turai da Chelsea a 2012 kuma kafin shekarar ta ƙare aka sallame shi. Zai yi shiru kaɗan. Wannan shirun shi kake nema.

Sai ka riƙe lambobinka daidai, kar ka ƙara gishiri, don akwai yaro a bayan benci da waya a hannu yana jiran ka yi kuskure ɗaya. Wenger ya zo Arsenal a 1996 ya tafi a 2018. Firimiya uku, 1998 da 2002 da 2004. Kofin FA bakwai, babu kocin da ya kai haka. Kakar 2003/04 wasa 38 ba a doke shi ba, ya ci 26 ya yi canjaras 12. Ka tsaya nan, sun ishe ka.

Abin da ya fi muhimmanci kuma mutane ba sa yi shi ne raba zamani. Shekara 22 ba abu ɗaya ba ne. Wenger na Highbury, tsohon filin Arsenal, daban, Wenger na Emirates, sabon filinsu, daban. Daga 2006 da suka koma sabon fili kulob ɗin na fama da bashin gini, a daidai lokacin da Abramovich ya riga ya sayi Chelsea tun 2003 sannan larabawan Abu Dhabi suka sayi Man City a 2008, to mutumin da yake sayar da Henry a 2007, Fabregas a 2011, Van Persie a 2012 kuma ga Man United ma, amma duk da haka kaka 20 a jere bai faɗo daga huɗun farko ba, ba za ka auna shi da mudun wanda ake zuba wa kuɗi kamar ruwa ba. Amma fa ka yi hattara, wannan hujjar tana da ranar ƙarewa. Daga 2013 da aka sayo Ozil, aka ƙara da Sanchez a 2014, maganar babu kuɗi ta mutu. In ka ci gaba da jan ta har 2018 za a kama ka.

Wannan ya kawo mu inda yawancin masoya suke faɗuwa, wato ƙin yarda da abin da kowa ya gani da idonsa. Ɗan Manchester zai jefo maka 8-2 da United ta ci Arsenal a 2011. Ɗan Chelsea zai tuna maka 6-0 na 2014, a wasan Wenger na 1000 kuwa, ga Mourinho da ya riga ya kira shi ƙwararre a faɗuwa. Akwai 10-2 na Bayern gida da waje a 2017. Akwai shekara tara babu kofi, daga 2005 har sai da aka sha da kyar a hannun Hull aka ɗauki kofin FA a 2014. Kar ka ce alƙalin wasa ne, kar ka ce rauni ne. Ka ce haka ne malam, an yi. Ni a ganina ma wanda ya fi ciwo shi ne 2016, Chelsea ta watse, United da City suna tangal-tangal, Arsenal ta doke Leicester gida da waje amma Leicester ta ɗauke kofin Firimiya. Wannan ba shi da kariya, kuma in kai ka fara faɗar sa da bakinka ka ƙwace masa makami, sai ka ga ya fara sauraron sauran maganarka.

Wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a 2006 da Barcelona kuwa za ka iya tsayawa a kai, an ba mai tsaron gidan Arsenal Lehmann jan kati tun minti na 18, da mutum goma suka fara cin ƙwallo ta hannun Campbell kafin a rama a ci su 2-1. Ka faɗa sau ɗaya, kar ka mai da shi waƙa.

Ka kuma lura da wanda kake musun da shi. In dattijo ne da ya fara son Arsenal saboda Kanu, wanda ya ga ƙwallaye ukun nan da ya zura wa Chelsea a 1999, to ba lissafi yake yi ba, ƙuruciyarsa yake karewa, ka ce masa Baba gaskiyarka ne ka biya masa shayi. In kuwa yaro ne da bai taɓa ganin Vieira a fili ba sai guntayen bidiyo a TikTok, ka tambaye shi wa ya kawo ƙarshen wasa 49 da Arsenal ta yi ba a doke ta ba, a wane fili kuma. In bai ce United a Old Trafford ba, ka juya ka ci gaba da kallon wasanka.