Yadda za ka lissafa nisa da lokacin jirgi daga Tromso zuwa Longyearbyen

Don Allah kar ka biye wa taswirar wayarka in dai can saman duniya kake dubawa, kumbura arewa take yi, sai ka ga tazarar da ke tsakanin Tromso a ƙasar Norway da Longyearbyen ta tsibiran Svalbard kamar sai an wuni a sama, alhali ko awa biyu ba a yi.

Ga yadda nake yi, biro da takarda sun isa. Nemo digirin kowane gari na arewa. Tromso tana kan 69.7, Longyearbyen kuma 78.2, in ka cire za ka samu 8.5. Kowane digiri ɗaya in ana hawa arewa kusan kilomita 111 ne, to ninka, zai ba ka wajen 945. Saura ɗan karkacewa yamma, don garuruwan ba a saiti ɗaya suke ba, kuma nan ne mutane ke ruɗewa, wai su ma sai su ninka da 111. A'a! Layukan gabas da yamma matsewa suke yi in ana kusantar ƙolin duniya, kamar ɓawon lemu da aka tsaga, a Longyearbyen digiri ɗaya kilomita 23 ne kacal, shi ya sa duk karkacewar ba ta ƙara wani abin kirki ba, jimilla dai kusan kilomita 960. Ya ɗan ɗara Kano zuwa Legas ta sama kenan.

Lokaci kuma, ɗauki gudun jirgin fasinja a kan kilomita 800 a awa, raba 960 da shi, ka samu awa ɗaya da minti 12, sai ka ɗora rabin awa na tashi da sauka da jan jiki a filin jirgi. Wajen awa ɗaya da minti 40 kenan, kuma kusan abin da za ka gani a tikiti ke nan. In daga Oslo, babban birnin Norway, ne kai tsaye, kilomita 2,000 ne da 'yan kai, wajen awa uku. Agogo ba ya canjawa tsakaninsu.

Amma abin da ya fi damuna, Svalbard ba ta cikin Schengen, wato yankin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, duk da tana ƙarƙashin Norway wadda ke ciki. Ita kanta ba ta neman biza, sai dai ta Norway za ka bi ka kuma dawo, don haka mai koren fasfo ya nemi bizar shiga sau biyu, in ta sau ɗaya ce wallahi dawowar ce za ta zama matsala. Ana duba fasfo kafin a tashi, ka je da wuri. Sannan ka bar kwana ɗaya a tsakani kafin jirginka na gida, musamman daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu da rana ba ta fitowa sam, iska da dusar ƙanƙara kan sa a ɗage tashi.