Yadda za ka gasa shimfiɗar baƙin ƙarfe kafin tsiro da nanotub na kabon

Masu shiga aikin tsiro da nanotub, wato siraran bututun kabon da ke tsirowa daga ƙananan ƙwayoyin ƙarfe, da yawa hankalinsu na kan gas ɗin kabon, alhali tun a mintunan dumama ake ci ko a faɗi.

Da farko dai kar ka zuba ƙarfen kai tsaye kan silikon, da zafi ya hau sai su haɗe su zama silisaid, shi ke nan ƙarfen ya mutu ba abin da zai tsiro. Ka fara shimfiɗa alumina (oksaid ɗin alminiyam) kamar nanomita 10 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), sannan baƙin ƙarfe wajen nanomita 1 a samansa. Kana fito da shi iska ta taɓa shi zai yi tsatsa, wannan ba komai, haidirojin zai gyara.

Sa shi a bututun tanderu, ka kora iskar ciki sosai da agon, gas ɗin da ba ya kamawa da wuta, kafin ka buɗe haidirojin, don Allah kar ka yi wasa da wannan, haidirojin da iska a cikin zafi gobara ce. Sai ka hau zuwa digiri 700 ko 750 na ma'aunin Celsius. A nan haidirojin ke cire tsatsar, shimfiɗar kuma ta tsage ta dunƙule ƙwaya-ƙwaya kamar ruwa a faranti mai maiƙo, duk da cewa ƙarfen bai ko kusa narkewa ba tunda sai digiri 1538 yake narkewa. Kowace ƙwaya ita ce tushen bututun nanotub, girmanta shi ke yanke faɗinsa, shi ya sa shimfiɗa mai kauri ke ba da bututu masu bango da yawa.

To inda ake ɓata aiki shi ne jira. In ka bar shi ya daɗe a zafin, manyan ƙwayoyi na ta cinye ƙanana, wani ƙarfen kuma yana nutsewa cikin aluminar, kafin ka saki etilin, wato gas ɗin kabon, saura 'yan ƙwayoyi ƙatti jefi-jefi, bututun su fito a kwance maimakon su miƙe cunkus. Ni a ganina gara ka taƙaita shi zuwa 'yan mintuna, ka ciro samfuri ɗaya ba tare da kabon ba ka duba da AFM, na'urar da ke shafa saman abu da siririyar allura ta fito da hotonsa, ka ga girman ƙwayoyin da idonka.

Ɗan tururin ruwa kaɗan yana rage wannan cinyewar. Da tururin ruwan ne Kenji Hata da abokan aikinsa a Japan suka samu bututu masu tsayin milimita 2.5 cikin minti 10 a 2004. Amma fa kaɗan ake nufi, in ya yi yawa tsiron ma tsayawa yake.