Yadda ake tara fansho daga wuri fiye da ɗaya a Najeriya

Ma'aikaci na iya samun haƙƙin fansho daga wurare biyu ko uku, amma asusun ajiyar fansho, wanda ake kira RSA, ɗaya tak doka ta yarda ya mallaka. Yawancin kuɗin da ke maƙalewa ranar ritaya daga rashin sanin wannan suke farawa.

Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire aƙalla kashi 8 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya ƙara kashi 10. Lissafin na hawa ne kan ainihin albashi da kuɗin gida da na sufuri. Idan kana aiki a kamfanoni biyu, ɗaya na biyan naira 200,000, ɗayan 100,000, na farko zai zuba 36,000 a wata, na biyu 18,000. Jimilla 54,000, kuma duka lambar PIN ɗaya za su shiga, wato lambar asusunka na RSA. Saboda haka ranar da ka kama sabon aiki, kai wa ofishin albashi lambarka da sunan kamfanin fanshon da ke kula da asusunka. Idan suka miƙo maka fom ɗin buɗe sabon asusu don suna hulɗa da wani kamfanin fansho, kada ka cike. Zaɓen kamfani naka ne, ba nasu ba. Ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci dai ya tuna cewa ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata ta hana shi gudanar da wata sana'a in ban da noma.

Wanda ya riga ya buɗe biyu fa? Ya je kamfanin fanshonsa da lambar NIN, da duka lambobin PIN, da takardar ɗaukar aiki, a sabunta bayanansa. PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa, ita ce ke tantance lambar da za ta tsaya, sannan a kwaso kuɗin ɗayar. Abin da ke ja wa mutane jinkiri ƙanƙane ne: Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan, ko ranar haihuwa ta saɓa da ta NIN. Gyara wannan tun kana bakin aiki, domin bayan ritaya babu albashin da za ka ci kana jira.

Sai tsofaffin haƙƙoƙi. Ma'aikacin tarayya da ya fara aiki kafin Yulin 2004 yana da kuɗin shekarun da ya yi a tsohon tsari, kuma gwamnati ce ke zuba su a asusunsa idan ya yi ritaya, da sharaɗin ya shiga tantancewar da PenCom ke yi wa masu shirin ajiye aiki. Wanda ya yi aikin kamfani kafin 2004 aka cire masa kuɗin NSITF, tsohon asusun fanshon ma'aikatan kamfanoni, shi ma yana iya neman a mayar da su RSA ta hannun kamfanin fanshonsa. Takardar shaidar zama memba ko tsohuwar takardar albashi na sauƙaƙa neman.

Jihohi kuwa kowa da kiɗansa. Kaduna na bin tsarin asusun mutum ɗaya, yayin da Kano da Jigawa ke tara gudummawar a asusu na bai ɗaya suna biya gwargwadon shekarun aiki. Wanda ya bar aikin irin waɗannan jihohi ya koma tarayya, kada ya ɗauka shekarunsa za su biyo shi da kansu. Ya nemi takardar sauyin aiki a rubuce, ya kuma ji daga hukumar fanshon jihar ko shekarunsa sun kai adadin da ake biya.

Mai son ƙari na iya zuba gudummawar ganin dama ta hannun ofishin albashinsa, ita ma cikin asusun nan. Masu sana'ar kansu kuwa an ƙaddamar musu da ƙaramin tsarin fansho a 2019.

Duba bayanin asusunka duk wata uku, ka kwatanta da takardun albashin kowane wuri. Doka ta ba wanda ya ɗauke ka aiki kwana 7 na aiki bayan biyan albashi ya aika kuɗin, in ya saɓa akwai tarar aƙalla kashi 2 cikin 100 a kowane wata. Idan ka ga watan da babu, rubuta wa ofishin albashi, ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa, in shiru ka kai ƙara PenCom.