Yadda Ake Bin Sawun Tarihin Tsohuwar Majami'a a Gandun Karkarar Ingila

Kafin komai, nemi izinin mai gandun. Yawancin ƙananan majami'un nan mallakar iyali ne, kuma rufinsu kan ruɓe. In ka ga kashin jemage a ƙasa, kada ka taɓa katakon sama, domin dokar 1981 ta ba jemagu kariya a Birtaniya.

Ni da bango nake farawa. Ina kwafe duk rubutun da aka sassaƙa a allunan tunawa da mamata, suna da shekara, har da tambarin iyalin da ke jikin gilashin taga. Amma a kula, ido na ruɗi. Na taɓa rantsewa cewa wata majami'a ta kai shekara 600 saboda tagoginta masu tsini, ashe a zamanin Sarauniya Biktoriya, a ƙarni na 19, aka gina ta, lokacin da magina ke kwaikwayon salon dā.

Taswira ce ta warware mini wannan. Bayan dokar ushiri ta 1836 an zana taswirar gonakin Ikklesiyoyi (wato yankunan da ke ƙarƙashin coci guda) ɗaya bayan ɗaya, da sunan mai kowane fili. Ka gwada ta da tsofaffin taswirorin Ordnance Survey, hukumar zana taswira ta Birtaniya, waɗanda Laburaren Ƙasa na Sikotilan ya sa a intanet kyauta. Ginin da babu shi a taswirar farko amma ya bayyana a ta baya, ka san a tsakaninsu aka gina shi.

Duba kuma ƙidayar masu ibada ta ranar Lahadi 30 ga Maris 1851, wadda takardunta ke ma'ajiyar takardu ta ƙasa da ke Kew a Landan, ka ga ko majami'ar na ciki. In masu gandun 'yan Katolika ne, shekarar 1791 na da muhimmanci: daga nan doka ta yarda su yi sujada a fili, kafin nan kuwa sau da yawa a wani ɗaki cikin gida ake yi a ɓoye.

Inda na fi daɗewa shi ne ma'ajiyar takardun gunduma, gaban littattafan kashe kuɗi na gandun. Nan za ka ga ladan magini, kuɗin kyandir, kuɗin gawayin ɗumama ɗaki, albashin limami. Bi su shekara-shekara da haƙuri. Inda kuɗin kyandir ya tsaya, nan kusa aka rufe ƙofa, sau tari bayan yaƙe-yaƙen duniya, lokacin da harajin gādo ya karya gidaje da yawa.

Daga nan sai ka nemi tsofaffin ma'aikatan gandun ko 'ya'yansu. Tafi da hoton taswirar a hannu, ka tambaye su wa aka yi wa jana'izar ƙarshe a ciki.