Yadda ake canza rektifayar cajar batirin mota

Idan caja ta fara gurnani, taransifoma na ɗaukar zafi, fiyus na ƙonewa da zarar an jona, kar ka yi saurin kai ta wurin masu naɗin koyil. Galibi rektifaya ce ta mutu, wannan ɗan murabba'in mai ƙafa huɗu da ke mayar da wutar AC, irin ta soket, zuwa DC, irin ta batir. Abin da ya fi kashe ta shi ne juya kan batir, a maƙala jar waya a gefen baƙa.

Zare cajar daga soket, cire batir, buɗe murfi, ka ɗauki hoton haɗin kafin ka taɓa komai.

Wajen gwaji ne yaran shago suke faɗuwa. Sai su ɗora mitar auna wuta alhali rektifaya na haɗe da taransifoma, mita ta yi ƙara, su ce ta ƙone, ba su san koyil suke aunawa ba. Cire wayoyin nan huɗu tukuna. A cikin rektifaya akwai dayod huɗu, kowanne na barin wuta ta wuce ta ɓangare ɗaya kawai; sa mita a alamar dayod, ka auna tsakanin kowace ƙafa mai alamar ~ da ƙafar +, sannan da ƙafar −. Mai lafiya za ta nuna wajen 0.4 zuwa 0.7, in ka juya sandunan mitar ta nuna OL, wato wuta ba ta wucewa. Sifili ta kowane ɓangare, ko OL ta kowane ɓangare, dayod ɗin ya tafi. Guda ɗaya cikin huɗun ya isa a canza ta gaba ɗaya.

Ni rektifaya mai lamba KBPC3510 nake sawa, amfiya 35, ko da cajar ta amfiya 10 ce. Bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba, kuma ba ta wahalar samu a Sabon Garin Kano.

Ga inda na taɓa yin asara: na ɗaura sabuwa a busasshe, ba man zafi, kwana biyu ta sake ƙonewa. Kankare tsohon mai daga jikin ƙarfen da ke shanye zafi, shafa farin man zafi kaɗan, ka ɗaure noti tam har ta kwanta daidai. Kan wayar da ya yi sako-sako, matse shi ko ka sa dalma.

Wayoyin taransifoma biyu su tafi ~, ko wacce ta zo daidai ne. Ja a +, baƙa a −. Mayar da fiyus mai lamba irin ta da, ban yarda da ɗaura silin waya ba.

Gwada da batir a jone, don in babu shi mita kan nuna ƙasa. Ka ga awon mita yana hawa a hankali zuwa volt 13.8 ko 14.4. Bayan minti 15 zare soket ka taɓa ƙarfen: ɗumi ba laifi, in ya ƙona yatsa sake duba ɗaurin.