Yadda za ka shiga tsofaffin finafinan Marathi ta ƙofar Hindi

Mu da muka tashi da kallon Indiya, kunnenmu Hindi ya saba da shi. Marathi harshe ne daban, na jihar Maharashtra inda Mumbai take. Kar ka wahalar da kanka wajen masu tura fim a waya a Agege ko Idi-Araba, sai dai su cika maka waya da Indiya-Hausa. YouTube za ka nufa, ka rubuta sunan fim da shekararsa, ka ƙara kalmar Marathi. Ni da dare nake saukewa, lokacin da data ke araha.

Fara da kamfanin Prabhat, wanda aka kafa a Kolhapur a 1929, ya koma Pune a 1933. Tambarinsa mace ce tana busa wani dogon ƙaho, kai ka ce kakakin fada. Su suka fitar da Ayodhyecha Raja a 1932, fim mai magana na farko da Marathi.

Dabarar ita ce, a wancan zamanin Prabhat kan ɗauki fim ɗaya sau biyu, da Marathi da Hindi, kowanne da sunansa. Kunku na 1937 shi ne Duniya Na Mane; Manoos na 1939 shi ne Aadmi; Shejari na 1941 shi ne Padosi. Duk V. Shantaram ya ba da umarni. Kalli na Hindi tukuna, labarin ya zauna maka, sannan ka koma na Marathi. Ko babu fassara a ƙasa ba za ka ɓace ba. Kunku nake ba kowa ya fara da shi: yarinya ce aka aura wa tsoho, ta ce sam ba ta yarda ba, ta tsaya a kan bakanta. Wace Bahaushiya ce za a tsaya yi wa bayanin wannan? Shejari kuwa amintakar maƙwabta biyu ce, Musulmi da mabiyin Hindu, da yadda aikin madatsar ruwa ya shiga tsakaninsu.

Sant Tukaram na 1936, wanda ya samu lambar yabo a bikin finafinai na Venice, Italiya, a 1937, ajiye shi sai kunne ya faɗa, don waƙoƙin ibadar mabiya Hindu sun yi yawa a ciki. Hoton baƙi da fari ne, sautin da ƙura, ga ƙarar janareton maƙwabta, saboda haka sa abin kunne. In mai kala kake so, nemi Pinjra na 1972.